Gauta a gindi, ɓera da rani: yadda yanayi ke juya cimar kerkeci mai geza

A watan Satumban 2020 Babban Bankin Brazil ya fito da sabuwar takardar kuɗi ta real 200, ɗauke da hoton wata dabba ja mai dogayen ƙafafu baƙaƙe da kunnuwa fato-fato. Mutanen ƙasar suna kiran dabbar lobo-guará. Shi ne kerkeci mai geza, saboda baƙin gashin da ya kwanta masa daga ƙeya zuwa kafaɗa, wanda yake tayarwa idan ya ji barazana. Duk wanda ya ga wannan tsayi zai ɗauka maci nama ne na gasken gaske, mai runtumar barewa da gudu. Sai dai kusan rabin abin da ke shiga cikinsa 'ya'yan itace ne, sauran rabin kuma galibi ƙananan halittu ne da bai fi ya yi loma ɗaya ko biyu da su ba.

Shi ne mafi girma cikin dangin kare a Kudancin Amurka. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 90, amma nauyinsa tsakanin kilo 20 ne zuwa 30, wato duk tsayin na ƙafa ne. Masana sun ware masa gida nasa shi kaɗai, Chrysocyon, domin ba ya cikin zuriyar kerkecin Turai, ba ya kuma cikin ta yanyawa. Ana samunsa a Paraguay da arewacin Ajantina da gabashin Bolibiya da wani ɗan lungu na Peru, amma mafi yawansu suna Brazil ne, a dajin da ake kira Cerrado. Ƙiyasin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ya nuna manyan da suka rage ba su wuce kimanin 17,000 ba.

Ba za a gane cimarsa ba sai an gane Cerrado. Fili ne na ciyawa da gajerun itatuwa masu karkatacciyar ƙira da kaurin ɓawo, faɗinsa kusan murabba'in kilomita miliyan 2, ya haura ɗaya bisa biyar na ƙasar Brazil. Shekara a can kashi biyu take. Damina daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, rani daga Mayu zuwa Satumba, wato lokacin da manomin Kano ko Maraɗi ke noman farko, a Cerrado ciyawa ta bushe ƙayau ana fargabar gobara. Ruwan da ake samu a shekara yana kaiwa wajen milimita 1,500 a wurare da dama, amma kusan dukkansa a cikin wata shida ko bakwai yake zuba, sauran watannin sai ƙura da iska. Itatuwan dajin ma sun raba aiki: masu 'ya'ya masu tsoka da zaƙi galibi da damina suke nuna, masu busassun 'ya'ya da iska ke kwasa su kuma sai da rani. Dabbar da ta dogara da 'ya'yan itace a irin wannan wuri tana da watanni huɗu ko biyar na tsanani a gabanta duk shekara.

To ta yaya aka san abin da yake ci, tunda dabba ce mai gudun mutane, mai yawo daga magariba zuwa asuba? Ta kashinsa. Aikin ba na ƙyanƙyami ba ne: mai bincike yakan bi hanyoyin daji yana tsintar kashin, ya busar, ya wanke a rariya, sannan ya zauna yana tsince gashi da haƙora da ƙananan ƙasusuwa da fuka-fukai da ɓawon ƙwari da ƙwayoyin iri, yana gane kowanne na wace halitta ne. Dabbar ma ta sauƙaƙa aikin, don ba ta ɓoye kashinta. A kan dutse take yi, ko kan suri, ko tsakiyar hanya, domin shi ne alamar iyakar yankinta. James Dietz ne ya fara yin wannan aiki da zurfi a gandun dajin Serra da Canastra na jihar Minas Gerais, inda kogin São Francisco ya samo asali, ya kuma buga sakamakon a 1984. Bayansa masana 'yan Brazil sun maimaita irinsa a wurare daban-daban. Abin da ya fito daga ciki shi ne cimar tana da ɓangaren da ba ya motsi, tana kuma da ɓangaren da ke juyawa da yanayi.

Ɓangaren da ba ya motsi wani ɗan itace ne da ake kira lobeira, a kimiyyance Solanum lycocarpum. Ɗan gidan su gauta da yalo da tumatir ne, amma bishiya ce mai ƙaya, tana iya kai mita 4 ko 5, ganyenta mai kaushi, furenta shuɗi mai ratsin ja. 'Ya'yanta manya ne ƙwarai, ɗaya kan cika tafin hannu biyu, nauyinsa ya kusa ko ya haura rabin kilo. Ko ya nuna bayansa kore yake zama, cikin ne ke yin ɗorawa ya yi laushi ya fara ƙamshi, sannan ya faɗo ƙasa da kansa. Kowanne na ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyin iri. Abin da ya bambanta lobeira da maƙwabtanta shi ne ba ta bin ƙa'idar dajin. Tana fure kusan duk shekara, don haka a kan bishiya ɗaya sai ka ga fure da ɗanyen ɗa da nunanne a lokaci guda, kuma ana samun 'ya'yanta har tsakiyar rani, lokacin da sauran itatuwa suka yi tsit. Ga ruwa a cikinta, a lokacin da ƙananan rafuka suka ƙafe. In za a kwatanta, lobeira ita ce tuwon wannan dabba, sauran abubuwan miya ne da ke sauyawa gwargwadon abin da kasuwar daji ta kawo.

Da ruwan farko ya sauka a Oktoba, daji kan rikiɗe cikin 'yan kwanaki. Toho ya fito a inda wuta ta ci, fara da buzuzu da sauran ƙwari su cika ko'ina, gara masu fiffike su yi ta fitowa daga suri. A kashin da kerkecin ke yi da damina ana yawan ganin ɓawon ƙwari, duk da cewa in aka auna nauyi ba wani abin kirki suke ƙarawa ba. Babban abin damina shi ne 'ya'yan itace iri-iri. Akwai araticum, ɗan'uwan gwandar dajinmu ne na jini, sai dai ya ninka ta girma, yana nuna wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙamshinsa kuma na tafiya nesa in ya faɗo ya fashe. Akwai gwaibar daji, da 'ya'yan gajerun itatuwan dangin kwakwa waɗanda ba su wuce gwiwar mutum ba, da wasu 'ya'yan tsirrai masu rarrafe a ƙasa. A wannan lokaci kerkecin ba ya buƙatar wahalar farauta sosai. Yawo yake daga gindin wannan itace zuwa wancan yana tsinta, in ya ci karo da ƙwan tsuntsu ko ƙadangare ko maciji ya haɗa da shi.

Da rani kuwa lissafin ya juya zuwa ɓeraye. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, ciyawa tana zubar da iri a ƙarshen damina, ɓerayen daji su samu abinci su yi ta haihuwa, saboda haka yawansu kan kai ƙololuwa ne bayan ruwa ya ɗauke. Na biyu, maɓoya ta ragu. Ciyawar da ta yi duhu da damina yanzu ta bushe ta kwanta, wani wurin ma wuta ta cinye, kuma busasshiyar ciyawa tana tona asirin duk abin da ya motsa a cikinta. A nan ne kunnuwan nan ke biyan kuɗinsu. Yakan tafi sannu a hankali, kai sama da ciyawa, kunnuwa na juyawa hagu da dama. In ya ji ƙwas, sai ya tsaya cak. Wani lokaci ya bubbuga ƙasa da ƙafar gaba don abin ya firgita ya fito, sannan ya yi tsalle sama ya dira a kansa da ƙafafun gaba biyu. Ɓera ɗaya bai wuce giram 40 ko 50 ba, don haka dabba mai kilo 25 sai ta maimaita wannan sau da dama kafin gari ya waye. Ban da ɓera yana kama preá, wata 'yar dabba mara wutsiya 'yar'uwar ɓeran Masar, da zomon daji, da tsuntsayen ƙasa masu ƙirar fakara da ake kira tinamu.

Binciken da José Carlos Motta-Junior da abokan aikinsa suka buga a 1996, daga wani fili kusa da Brasília, ya zana wannan hoto sarai: ɓeraye sun fi yawa da rani, 'ya'yan itace iri-iri sun fi yawa da damina, lobeira kuma ba ruwanta da yanayi. A wasu wuraren an samu ɗan bambanci, inda cin lobeira ya ƙaru da rani. Wannan bai rushe wancan ba. Inda damina ke kawo araticum da gwaiba da yawa, dabbar takan ɗan sassauta wa lobeira har sai sun ƙare. Inda dajin ya talauce, ita ce dai safe da yamma.

Akwai wani tarko a cikin alƙaluman nan da ya kamata mai karatu ya sani, domin shi ne ke sa a ji wani ya ce dabbar maciyar 'ya'yan itace ce, wani ya ce maciyar nama ce, alhali kashi iri ɗaya suka duba. Hanya ta farko ita ce a ƙirga sau nawa abu ya bayyana. A wannan hanya ƙafar fara ɗaya da aka gani daidai take da ɓera guda, kuma ƙwayar iri ɗaya daidai take da zomo. Hanya ta biyu ita ce a ƙiyasta nauyin abin da aka ci. Da an koma wannan, sai ƙwari su kusa ɓacewa daga lissafi, ɓeraye su ja baya, wata dabba kuma ta taso gaba: tatu, mai sulken ƙashi a gadon baya, mai haƙa rami. Ba kullum ake ganin ɓawonta a kashi ba, amma tatu guda mai kilo 2 ta ɗauke nauyin ɓeraye arba'in. A binciken na 1996, da aka auna da nauyi, lobeira da tatu ne suka riƙe mafi yawan cimar, kuma su biyun duk ba sa bin yanayi. A ganina wannan ita ce maganar da ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Sauyin damina da rani gaskiya ne, amma a gefe-gefe yake faruwa. Jimlar da ake yawan maimaitawa, wai rabi nama rabi tsiro, matsakaici ne na wurare da watanni masu bambanci, ba a kowane dare ake samun hakan ba.

Haihuwarsa ma wannan kalanda take bi. Barbara galibi tsakanin Afrilu ne da Yuni, cikin yana ɗaukar kwana 60 zuwa 65, saboda haka 'yan kwikwiyon, baƙaƙe wuluk, suna zuwa ne daga Yuni zuwa Satumba, tsakiyar rani. Da farko abin zai ba mutum mamaki, don me za a haihu lokacin da daji ya bushe? Amma uwa mai shayarwa nama take buƙata, kuma lokacin ne ɓera ya fi samuwa. Bayan kamar wata guda takan fara amayo musu abin da ta ci, a yaye su wajen wata huɗu. Lokacin da suka fara bin ta yawo, ruwa ya sauka, ƙwari da 'ya'yan itace sun bazu, abincin da ɗan koyo zai iya samu ba tare da gwanintar tsalle ba. Ga kuma wani amfanin: makwancinsu a ƙasa yake cikin duhuwar ciyawa ko gindin dutse, wurin da ruwan damina zai iya cikawa.

Jikin dabbar gaba ɗaya na wannan irin ci ne. Haƙoran yankan namansa ba su kai na kerkecin Turai ƙarfi ba, turamensa kuwa masu faɗi ne, sun dace da murƙushe 'ya'yan itace. Dogayen ƙafafun na leƙen saman ciyawa ne da ratsa ta, ba ya cikin masu dogon gudu. Tafiyarsa ma daban ce, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare, yana rangaji. Kuma tunda ɓera ba ya rabuwa biyu, ba shi da dalilin yin garke. Namiji da mace kan riƙe yanki ɗaya, amma kowa yawonsa yake shi kaɗai, sai dai su riƙa jin juna da wani haushi mai kauri da ke tafiya nesa cikin dare. Yankin kuwa babba ne. A Canastra Dietz ya samu kusan murabba'in kilomita 27, a gandun dajin Emas na jihar Goiás an samu har wajen 80. An taɓa ganinsa a Emas ɗin ya kama barewar fili, amma irin wannan sai jefi-jefi.

Masu gidajen namun daji sun koyi wannan darasi da tsada. Shekaru da dama suna ganin sunan kerkeci sai su yi ta ɗura masa jan nama, dabbobin kuma su yi ta fama da tsakuwa a ƙoda da mafitsara, maza har fitsari ya toshe musu. Daga baya aka gano cewa da yawansu suna da wata larura ta gado da ke sa sinadarin sistin ya riƙa zuba cikin fitsari, kuma cimar nama zalla tana sa fitsarin ya yi tsami, sinadarin ya dunƙule. Sai aka rage nama, aka ƙara 'ya'yan itace da kayan lambu. Akwai kuma wata magana da ta yaɗu ƙwarai, cewa lobeira magani ce gare shi daga wata ƙatuwar tsutsar ƙoda, Dioctophyme renale, wadda kan cinye ƙodar dama ƙurmus. Tsutsar gaskiya ce, ana samunta a jikinsu, kuma lobeira tana ɗauke da sinadarai masu ɗaci irin na danginta. Amma cewa ita ke kashe tsutsar zato ne da ba a tabbatar ba, an dai maimaita shi ne har ya yi kama da hujja. Dabbar da ke samun abinci mai rabin kilo a kwance a ƙasa cikin watan Agusta ba ta buƙatar dalilin asibiti kafin ta ci.

Bishiyar ma ba asara take yi ba. Hanjin dabbar gajere ne irin na dangin kare, ƙwayoyin iri suna fita lafiya lau, a nesa da gindin uwa, wani lokaci da tazarar kilomitoci. Wani abin sha'awa shi ne yawan yin kashinsa a kan gidan tururuwa masu yankan ganye. Su waɗannan tururuwa noma suke yi a ƙarƙashin ƙasa, suna shuka wani nau'in naman kaza a kan ganyen da suka tauna. Sukan kwashe kashin su shigar a matsayin taki, ƙwayoyin irin kuma su fitar da su jujinsu, inda ƙasa ke da laushi da danshi da abinci. A can irin ya fi tsirowa. Shi ya sa a wasu filayen ake ganin lobeira ta yi cincirindo a kan tsofaffin gidajen tururuwa.

Duk wannan tsari ya ginu ne a kan dajin da yanzu ake nomewa. Har wajen 1970 ana ganin ƙasar Cerrado ba ta da amfani saboda tsaminta. Bayan kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, aka koyi zuba mata farar ƙasa da taki, aka samar da irin waken suya mai jure zafi, yankin ya zama rumbun Brazil. Yau kusan rabin dajin ya koma makiyayar shanu da gonakin waken suya da masara da rake. Yadda hakan ya shafi cimar kerkecin ba hanya ɗaya ba ce. Lobeira tsiro ne mai son wurin da aka tayar, tana yaɗuwa a bakin titi da tsofaffin makiyaya, har masu shanu na sare ta a matsayin ciyawar banza. Ɓeraye ma suna son gona. Saboda haka dabbar tana iya rayuwa a gefen gonaki, har ma ta kutsa yankunan da a da kurmi ne a gabar Atlantika, bayan an sare shi ya zama fili. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa ba ta cikin matsala. Ni ban yarda ba. Abin da ya tsira shi ne gindin cimar, abin da ke ɓacewa kuma shi ne yalwar damina, su araticum da gajerun kwakwa da gwaibar daji, waɗanda ba sa dawowa bayan garma ta bi ta kansu. A madadinsu sai mangwaro da rake da abin da aka zubar a bola. Gonar waken suya kuma in aka girbe ta, fili ne tsirara na tsawon watanni, daidai lokacin da uwa ke neman inda za ta ɓoye 'ya'ya.

Kusantar mutane ta zo da nata kuɗin. Mota tana kashe su da yawa a manyan tituna, musamman matasan da suka bar yankin iyaye. Karnukan gida suna sa musu cututtuka. Sai kuma tsohuwar ƙiyayya ta kaji. Manomin Minas Gerais ya daɗe yana kiransa ɓarawon kaza, kuma ba ƙarya yake ba, yakan ɗauka in ya samu a sake. Amma a binciken kashi gashin kaza ɗan kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da gashin ɓera, ɓeran da ke cin hatsin manomin. A kewayen Canastra masu aikin kare dabbar sun gane cewa wa'azi ba zai yi ba, sai suka koma taimaka wa manoma gina akurki mai waya da ake rufewa da magariba, ɗaukar kaji ta ragu, harbi ma ya ragu.

A Caraça, wani tsohon gidan ibada na Katolika a tsaunukan Minas Gerais, lamarin ya ɗauki wani salo tun 1982, lokacin da limaman wurin suka gano cewa mai kifar musu da kwandon shara da dare kerkeci ne. Suka fara ajiye masa tire na nama, sannu a hankali har ya saba hawowa matakalar cocin, kuma yau baƙi na zuwa daga nesa su zauna shiru bayan duhu ya yi suna jira. Abin ya sa dubban mutane sun so dabbar da kakanninsu ke harbi, ko da yake masana da dama ba sa jin daɗin a saba wa naman daji da hannun mutum. Ba kowane dare yake zuwa ba. In ya zo ma yakan ɗauki 'yan yanka ne ya koma daji, kuma waɗanda suka bincika kashin kerkecin yankin sun tarar da gashin ɓera da ƙwayoyin 'ya'yan itace a ciki tare da ragowar abin tire.